Daga Kwaɓin Fanke Zuwa Ɗakin Bincike: Yadda Yis Ke Tona Asirin Maganin Zazzaɓi

Duk macen da ke sana'ar fanke ko waina a Gidan Amumune, ko a Mayahi da Tasawa, ta san aikin yis ba sai an faɗa mata ba. Za ta kwaɓa fulawa, ta barbaɗa ɗan garin nan mai launin ƙasa-ƙasa, ta ƙara sukari da ruwan ɗumi, ta rufe ta ajiye, kafin wani lokaci sai ka ga kwaɓi ya kumbura har yana neman ture faifan da aka rufe shi da shi. Haka su ma masu gidajen burodi na Maraɗi, ba su da abokin aikin da ya wuce shi. To amma abin da da yawa daga cikinmu ba mu sani ba shi ne, wannan gari da ake sayowa a ƙulle a leda halitta ce mai rai, kuma tun shekarar 1997 masana harhaɗa magunguna ke amfani da irinsa wajen gano dalilin da ya sa wani maganin zazzaɓin cizon sauro yake ci, wani kuma ya daina ci, ciki har da maganin da ake bi gida-gida ana bai wa 'ya'yanmu duk damina.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2024 ya nuna cewa a shekarar 2023 zazzaɓin cizon sauro ya hallaka kimanin mutum 597,000 a faɗin duniya, kuma ƙasashe huɗu ne kawai suka kwashi fiye da rabin wannan adadi, wato Nijeriya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Nijar da Tanzaniya. Nijar kaɗai ta ɗauki kusan kashi 6 cikin 100, kuma mafi yawan waɗanda ake rasawa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. 'Yar kasuwa ta san abin da masassarar yaro ke jawo mata: a rufe sana'a, a kwana a likita, jari ya tafi wajen sayen magani, wani lokacin ma a dawo gida babu yaron.

Maganin damina

A shekarar 2012 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 na ƙasashen yankin Sahel maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya kowane wata a lokacin damina. A Nijar an soma wannan aiki a 2013, inda ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya suka raba maganin a Madarunfa da Gidan Runji cikin jihar Maraɗi, da kuma Magariya, Madawa da Buza. Daga baya shirin ya bazu zuwa sauran sassan ƙasa, kuma shi ne jami'an lafiya ke kira CPS.

Magani iri biyu ne a cikin ƙunshin. Na farko haɗin salfadoksin ne da firimetamin, wanda jama'a suka fi sani da sunan Fansidar. Na biyu shi ne amodiyakin. Ranar farko jami'i ne ke bai wa yaro duka biyun a gabansa, sannan ya bar wa uwa amodiyakin ta ba shi a rana ta biyu da ta uku.

A nan ne wasu iyaye ke yin tambaya. Ai a da Fansidar ɗin nan da klorokwin, wanda aka sani da Nivaquine, su ne ake sha a warke, har aka zo aka ce sun yi sanyi, kuma a 2005 Nijar ta koma ga sababbin magunguna irin su Coartem. Me ya sa maganin da aka sani da ƙarfi ya yi sanyi alhali ba a canza haɗinsa ba? Me ya sa kuma har yanzu ake ba da shi don rigakafi? Amsar tana cikin siffar maganin da siffar wurin da yake kamawa a jikin ƙwayar cutar.

Injin niƙa a cikin ƙwayar cuta

Idan ƙwayar zazzaɓi ta shiga jinin mutum, babban aikinta shi ne hayayyafa. Domin ta hayayyafa tana buƙatar wani sinadari da ake kira folet, dangin wanda ake haɗawa da maganin ƙarin jini a bai wa mata masu juna biyu. Sai dai folet ɗin ba ya amfanuwa sai an sarrafa shi, kuma a cikin ƙwayar akwai wani ɗan mitsitsin ma'aikaci da ke wannan aiki, wanda masana suka laƙaba wa haruffan DHFR. Mai karatu ya ɗauke shi tamkar injin niƙa na bakin kasuwa: yana da baki inda ake zuba hatsi, gari ya fito ta ƙasa. Idan injin ya tsaya, ƙwayar ba ta ƙara haihuwa.

Shi firimetamin an ƙera shi ne ya yi kama da hatsin ta gefe ɗaya. Injin sai ya karɓe shi a zaton abinci ne, shi kuwa da ya shiga baki sai ya cije ya toshe hanya. Wasu masana biyu na Amurka, George Hitchings da Gertrude Elion, tare da abokan aikinsu, su ne suka samar da shi a farkon shekarun 1950, kuma sun sami lambar yabo ta Nobel a 1988 saboda wannan hanya ta ƙera magani daidai da siffar wurin da ake so ya kama.

Abin lura shi ne, kusan duk wani mai rai yana da irin wannan injin, har da mutum, sai dai bakin injin kowa da fasalinsa. A ɗakin binciken Hitchings aka kuma samar da tirimetofirim, wanda ke cikin maganin nan da ake kira Cotrim ko Bactrim. Kan tirimetofirim da kan firimetamin iri ɗaya ne, wutsiyarsu ce ta bambanta. Wannan bambancin wutsiya shi ya sa ɗaya ya fi kama injin ƙwayoyin bakteriya, ɗayan kuma ya fi kama na ƙwayar zazzaɓi. Akwai kuma wani ɗan uwansu mai suna metotireksat da ke toshe injin mutum kansa, shi ya sa ake amfani da shi a kan cutar daji, ƙarƙashin kulawar likita. Ke nan ɗan canji kaɗan a ginin magani yana iya sauya wanda maganin zai kama.

An ara wa yis injin wani

Matsalar masu bincike ita ce kiwon ƙwayar zazzaɓi a ɗakin gwaji yana da wahala da tsada. Sai a 1976 aka iya rayar da ita a cikin kwano na tsawon lokaci, kuma sai an riƙa ciyar da ita da jinin mutum, ga shi tana ɗaukar awa 48 kafin ta kammala zagaye ɗaya na haihuwa. Akwai ma wani nau'inta mai suna bibaks, wanda ya fi yawa a Asiya da Kudancin Amurka, da har yau ba a iya kiwonsa na dogon lokaci a kwano ba.

Shi kuwa yis sukari ya ishe shi, ba ya cutar da mai aiki da shi, kuma cikin kimanin minti 90 ɗaya ke zama biyu. A 1996 masana suka kammala karanta dukkan ƙwayoyin gadonsa, kimanin 6,000. Ƙwayar gado ita ce rubutaccen umarnin da kowace halitta ke bi ta gina sassan jikinta. Duk da ƙanƙantar yis, tsarin jikinsa ya yi kama da namu ƙwarai. A 2015 wasu masana a Jami'ar Tekzas ta Amurka sun cire ƙwayoyin gado 414 da yis ba ya rayuwa sai da su, ɗaya bayan ɗaya, suna maye gurbinsu da na mutum, sai kusan rabinsu suka yi aiki yis ɗin ya ci gaba da rayuwa.

Irin wannan dabara ce Farfesa Carol Sibley da abokan aikinta na Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil suka bayyana a 1997. Sun ɗauki yis da aka cire wa umarnin gina injinsa na DHFR, suka sanya masa umarnin gina injin ƙwayar zazzaɓi. Daga nan rayuwar yis ɗin ta rataya a kan injin aro. Idan aka ɗiga masa maganin da ke toshe injin ƙwayar zazzaɓi sai ya daina girma, idan kuwa maganin bai kama ba sai ya ci gaba da yaɗuwa. Sukan shafa yis iri-iri a faranti, layi-layi kamar wayoyin ƙafar keke, su ɗiga maganin a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki a duba: layin da ya tsiro har kusa da tsakiya ya fi ƙarfin maganin, wanda ya tsaya can nesa kuwa maganin ya ci shi. Mai fanke ma haka take gane yis mai rai da wanda ya mutu, ta hanyar duba ko kwaɓi ya tashi.

Mai tauri da mai lanƙwasa

Injin DHFR an gina shi ne da wasu ƙananan sinadarai a jere, kamar duwatsun wuya a zare, kuma masana sun ba kowane dutse lamba. An gano cewa a jikin ƙwayoyin da suka soma bijire wa firimetamin, dutse na 108 ne ya canza, wani ɗan babba ya maye gurbin ƙarami. Wannan ya haifar da ɗan tudu a bakin injin. Hatsi yana wucewa, amma firimetamin, wanda jikinsa sandararre ne ba ya lanƙwasa, sai ya ci karo da tudun ya kasa zama daidai. Idan dutse na 51 da na 59 suka ƙara canzawa, bijirewar sai ta ƙaru. Idan na 164 ya biyo baya, kamar yadda ya faru a Kudu maso Gabashin Asiya, maganin ya tashi daga aiki.

Da yis ana iya gina kowane ɗaya daga cikin waɗannan injuna daban, a jera su, a gwada musu magunguna masu siffa daban-daban. A irin wannan gwaji aka ga wani sinadari mai lamba WR99210 yana hana yis girma ko da injin da ke jikinsa ya bijire wa firimetamin. A 2002 ɗakin binciken Sibley ya nuna cewa a nau'in bibaks, wasu canje-canjen da ke kare ƙwayar daga firimetamin su ne ma ke ƙara jefa ta a hannun wannan sinadari.

Dalilin ya fito fili a 2003, lokacin da Farfesa Yongyuth Yuthavong na ƙasar Tailan da abokan aikinsa suka fitar da cikakken hoton ginin injin da magani a bakinsa. Sai aka ga WR99210 yana da wutsiya mai gaɓoɓi da ke iya lanƙwashewa ta kauce wa tudun. Mai sayar da man gyaɗa ta san wannan: idan bakin kwalba ya ɗan lotsa, marfin ƙarfe ba ya zama, amma totuwar da aka naɗe da leda tana bin bakin ta toshe shi.

Sai dai cin jarrabawa a jikin yis ba ya nufin magani ya isa a sha. WR99210 bai zama maganin kasuwa ba, domin hanjin mutum ba ya tsotse shi yadda ya kamata, kuma yana ɓata ciki. Amma darasin bai tafi a banza ba. A 2012 masanan Tailan da abokansu na Ingila da Ostareliya, tare da ƙungiyar MMV mai tallafa wa binciken maganin zazzaɓi, sun bayyana wani sabon sinadari mai lamba P218. Sun haɗa masa kai irin na dangin firimetamin da wutsiya mai lanƙwasa, kuma suka auna shi ya zauna daidai gurbin da hatsin kansa ke zama, ta yadda idan ƙwayar ta canza bakin injinta don ta kore shi, za ta iya korar abincinta ma. An yi masa gwajin farko a jikin mutane, amma bai shiga kasuwa ba.

Na'urar da ke gwaji da kanta

A Birtaniya, Farfesa Ross King da Farfesa Steve Oliver na Jami'ar Kambirij da Dokta Elizabeth Bilsland sun ɗora wannan aiki a kan wata na'ura mai kwamfuta da suka raɗa wa suna Eve. Ana zuba yis kala-kala a rami ɗaya, wani ɗauke da injin mutum, wani da injin ƙwayar cuta, kowanne da launin hasken da yake bayarwa. Idan sinadari ya kashe duka, guba ne. Idan ya kashe mai injin ƙwayar cuta ya bar mai injin mutum, to an sami abin dubawa. Na'urar tana iya gwada sinadarai fiye da 10,000 a rana, kuma tana lura da siffofin waɗanda suka ci, ta yi lissafi ta zaɓi masu kama da su ta gwada a gaba.

A 2018 suka sanar da cewa tiriklosan, wani sinadari da aka daɗe ana sawa a wasu sabulai da man goge baki, yana toshe injin DHFR na ƙwayar zazzaɓi, har da wanda ya bijire wa firimetamin. Wannan mafarin bincike ne kawai. Man goge baki ba maganin zazzaɓi ba ne, haka shi ma yis ɗin fanke ba ya warkar da kowa. Aikinsa a nan shi ne na ma'auni.

Ina muka tsaya a ƙasar Hausa?

Binciken jinin yara da ake yi a Afirka ta Yamma, wanda a Nijar cibiyoyi irin su CERMES ta Yamai da Epicentre mai reshe a Maraɗi ke gudanarwa, ya nuna cewa canje-canjen nan uku na dutse na 51 da 59 da 108 sun riga sun yawaita a yankinmu. Sauran ƙarfin da Fansidar ke da shi yana ga rabinsa na biyu, wato salfadoksin, wanda ke toshe wani injin daban. Babban canjin da ke karya shi, na dutse mai lamba 540 a wancan injin, ya cika Gabashin Afirka amma bai yawaita a Sahel ba. Wannan ne ya sa Fansidar bai isa ya warkar da mai zazzaɓi ba, amma idan aka haɗa shi da amodiyakin yana kare yaro lafiyayye na kimanin wata guda. Shi kansa amodiyakin ɗan uwan klorokwin ne, kansu ɗaya wutsiya daban, kuma wutsiyar ce ta sa yake cin ƙwayoyi da yawa da suka fi ƙarfin klorokwin.

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tuni aka tabbatar da ƙwayoyin da suka soma jure wa atimisinin, wato ginshiƙin Coartem, a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya. Ƙwayar cuta ba wayo take da shi ba. A cikin miliyoyin da ke jinin mara lafiya, akan sami 'yan ƙalilan da dutsensu ya canza bisa tsautsayi. Cikakken magani yakan share su tare da sauran idan canjin bai yi nisa ba. Rabin magani kuwa raunana yake kashewa ya bar masu taurin kai, sauro ya kwashe su ya kai gidan maƙwabta.

Nan ne kasuwa ta shigo. Kowa ya saba jin irin wannan ciniki a gaban mai tallar magani a tire: "Malam, ba ni na zazzaɓi ƙwaya biyu, na dala ashirin." Shi kuma ya yanko daga kati ya ce, "Ga shi Hajiya, Allah ya sawwaƙe." Ƙwaya biyu daga maganin da aka tsara a sha sau shida cikin kwana uku ba ta warkarwa, sai dai ta lafar da ciwon ya dawo. Ga kuma zafin rana da ke dukan tiren tun safe, wanda ke lalata ginin sinadarin, ga jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko kuma bai cika ma'auni ba. Araha dai ba ta ado.

Abin da ke hannun uwa

Jami'an lafiya suna nanata wasu abubuwa da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Idan an bai wa yaro maganin damina, a tabbata ya sha na rana ta biyu da ta uku, ko da ranar ta faɗo ranar kasuwa. Kada a raba wa ƙanne ko yayye, kada kuma a ɓoye shi don jiran ranar da wani zai kwanta, domin ba na warkarwa ba ne. Idan yaro yana da zazzaɓi ranar rabo, ko yana shan Cotrim, a faɗa wa jami'i, saboda Cotrim da Fansidar dangi ɗaya ne kuma ba a haɗa su. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi a ɗiga jininsa a gwada, in an rubuta masa Coartem ya shanye kwana ukun ko da ya ji sauƙi tun ranar farko. Mai juna biyu kuma ta riƙa zuwa awo, inda ake ba ta Fansidar daga wata na huɗu, a bar tazarar aƙalla wata guda tsakani, har sau uku ko fiye kafin haihuwa. Gidan sauro kuwa a kwana cikinsa kullum.

Samar da sabon magani yakan ci shekara goma ko fiye, daga farantin yis zuwa hannun mara lafiya, kuma mafi yawan sinadaran da ake gwadawa a hanya suke zubewa, kamar yadda ya faru da WR99210. Kafin wani ya iso, waɗanda ke hannunmu su ne jarinmu, kuma tsawon kwanansu ya danganta da yadda ake shan su a gidajen Gidan Amumune da Mayahi da Tasawa da sauran garuruwanmu. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka da lafiyar cin amfaninta.